Ranar Da Na Share Ƙofofin Sabar

Assalamu alaikum, jama'ar da ke bin wannan labari nawa, da waɗanda yau ne Allah ya jefo su. Ku yi min uzurin jinkiri. Da babban yatsa ɗaya nake rubutu, gilashin wayar kuma ya tsage daidai kan harafin K, ga shi Hausa ba ta tafiya sai da shi. Wata baiwar Allah ta rubuto ta ce ina jan zance kamar mai jiran mota ta cika. Gaskiyarki ce, 'yar uwa. Ko a gida haka ake fama da ni.

Ga sababbin zuwa, sunana Ɗayyabu. Masinja ne ni a wani ɗakin gwajin jini mai zaman kansa a Doka, ba zan faɗi sunansa ba. Ni ne shara, ni ne aike, ni ne kiran lamba. Karatuna a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya, lokacin da aka ga na fi amfani a rumfar Baffana a Babbar Kasuwa. Wadda nake so kuma sunanta Atika, 'yar Malam Isa mai koyar da Alƙur'ani a Hayin Banki. Ita ta yi karatun kwamfuta har ƙarshensa. Litinin da Laraba take zuwa wurinmu ta duba sabar.

Sabar ita ce babbar kwamfutar da duk sakamakon gwaji ke kwana a cikinta. Tsohuwa ce, baƙa, tsayinta ya kai ƙuguna, tana da ɗakinta ita kaɗai, da na'urar sanyi da ta fi ta ofishin manaja ƙarfi. Ba irin wadda kuka sani ba ce mai hotuna da 'yar kibiya. Baƙin allo ne da fararen haruffa, sai ka rubuta mata magana ta amsa. Atika ta ce sunan yarenta Yuniks, kuma ba ta tambayar mutum ko ya tabbata. Ka ce share, ta share.

Shekara biyu ina goge kujerar ɗakin nan kafin Atika ta iso, ina ajiye mata ruwa mai sanyi, kafin na iya buɗe baki. Da na buɗe ma ita ta ƙarasa min maganar.

Malam Isa bai damu da takardar makaranta ba. Takarda ɗaya ya nema. Ya ce ya ga wahalar sikila a jikin ɗalibansa har ya ishe shi, Atika kuma AS ce, tun tana makaranta aka sani. Don haka ba zai sa rana ba sai ya riƙe sakamakona a hannunsa, da hatimi. Ya tsayar da Alhamis bayan azahar. Kawunnanta za su zo daga Zariya su haɗu da Baffana, da an yi la'asar su juya. Babbansu, Kawu Lawal, ranar Asabar zai yi doguwar tafiya ta wata huɗu, kuma a gidansu ba a yanke magana babu shi.

Wata huɗu ba komai ba ne in ba ku san Gwaggo Husaina ba. Ƙanwar Malam ce. Ita ta fara cewa, "Yarinya da digiri, miji da tsintsiya." A cikin wayarta akwai hotunan samari uku masu tsaye a jikin mota, tana jiran a samu fili ta fara rabawa.

Talata aka ɗebi jinina. Laraba da yamma Sista Rabi, mai gwajin, ta shigar da sakamako cikin sabar. Na bi ta har bakin titi ina roƙo ta faɗa min. Ta ce, "Ɗayyabu, mutum tamanin nake shigarwa a rana. In da zan riƙe jinin kowa a kaina, da yanzu ina asibitin ƙwaƙwalwa. Gobe da safe zan buga maka."

Alhamis na zo aiki cikin sabuwar shadda ruwan toka, ɗinkin tazarce, da hula zanna mai ratsin shuɗi wadda na kwana biyu ina karya ta a kan gwiwa. A haka na yi shara, ina ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Alhamis kuwa ranar angwaye ce a wurinmu, don limamai da yawa yanzu ba sa ɗaura aure sai sun ga takarda. Kafin ƙarfe tara benci ya cika, kowa na ƙamshin aski.

Sai Sista Rabi ta leƙo ta ce sabar na ƙorafin wani wuri ya cika.

Manajanmu, Oga Kabir, yana cikin cin masa da miyar taushe. Mutum ne da ya yi kwas ɗin kwamfuta na sati biyu, ya sa takardar a gilashi ya rataye ta sama da hoton mahaifinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko a kira Atika?"

"A kira ta a kan me? Ni ba ni da kai?"

Akwai wata ambulan da Atika ta ba shi tun bara, an liƙe, da kalmar sirrin sabar a ciki. Ta ce kada a buɗe sai in ta mutu ko ta ɓace. Ya yage ta da hannun miya. Muka shiga ɗakin sanyi, yana riƙe da kwanonsa, ya ce in zauna in danna masa, don hannunsa ba daɗi.

Yana faɗa ina dannawa. Muka shiga nan, muka fita can. Har muka faɗa wani wuri mai suna vg00. Jerin sunaye ya fito, kowanne da lamba a gefensa, lambobin duk sifili ne a jere, sai 'yar lamba ɗaya a ƙarshe.

Oga ya nuna da yatsa mai maiƙo. "Ka gani? Sifili, sifili, sifili. Fayil babu komai a ciki. Su suka cika mana wuri."

Na ce, "Oga, in babu komai a ciki, yaya za su cika wuri?"

"Kwalin da ba komai a ciki ba ya cin wuri a sito? Kai da kake shara ba ka san wannan ba?"

Wallahi a lokacin maganar ta shige ni. Ya fita ya ƙaro miya. Ni kuma, jama'a, a nan ne zan faɗi abin kunya. Na ga kaina cikin sabuwar shadda, a kujerar Atika, ga baƙin allo cike da rubutu a bayana. Na juya na ɗauki hoton kaina. Bai yi ba. Na gyara hula na sake. Sau bakwai. Oga ya dawo yana lasar yatsa, ya faɗi kalmar sharewa harafi-harafi, na rubuta, na danna babban maɓalli.

Ba ƙara, ba hayaƙi. Allon ya sauko layi ɗaya ya tsaya yana ƙifta ido.

"Shi ke nan," in ji Oga. "Abin da ake biyan yarinya a kansa ke nan."

Ya ce Sista Rabi ta rufe manhajar gwaji ta sake buɗewa don ta ji iska. Ta rufe. Ta ƙi buɗuwa.

Kafin nan na riga na tura wa Atika hoton da na fi kyau, da rubutu a ƙasa: "Injiniyata, ina kwana. Yau na taya ki aiki."

Saƙon murya ya dawo, don ana mata lalle ne, hannunta ba ya taɓuwa. "Ka yi kyau, ango. Wane aiki?"

Na rubuta: "Mun share fayil marasa komai. A vg00."

Sai wani saƙon, muryar ta canza, ina jin mai lalle a gefe tana cewa ki daina motsi. "Ɗayyabu. Saurare ni da kyau. Kada kowa ya kashe ta. Ko wuta ta kama ginin, ku fitar da mutane ku bar ta a kunne. In tana kunne aikin minti goma ne. Ga ni nan."

Na je na tsaya a ƙofar ɗakin sabar na buɗe hannuwa.

Labari ya riga ya kai benci. Wani ango mai suna Tanko, mai gyaran janareta a Kawo, wanda za a ɗaura nasa bayan Juma'a, ya miƙe yana gyara wando. "Malam, duk abin da ke aiki da wuta a duniyar nan maganinsa ɗaya ne. Ka kashe, ka ƙirga goma, ka kunna."

"Haka na yi wa talabijin ɗina," in ji wani.

"Ni har mota."

Wani dattijo da ya rako ɗansa ya ce a ɗan bubbuga mata gefe tukuna. Aka fara gardama tsakanin masu bugu da masu kashewa. Oga ya ce mu yi abin da ya dace da zamani, a ɗaga hannu. Mutum goma sha huɗu suka ce a kashe. Uku suka ce a buga. Ni kaɗai na ce a jira, kuma aka ce ma'aikaci ba ya cikin ƙuri'a.

"Matsa," in ji Oga.

"Ranka ya daɗe, ta ce kada a kashe."

"Ita ke ba ka albashi? Matsa."

Ina so in rubuta muku cewa na tsaya kamar ginshiƙi. Wasu marubutan da haka za su rubuta. Amma ni tun ina yaro in babba ya ce min matsa sau uku, ƙafafuna ba sa shawara da ni. Ya faɗa na uku. Na matsa.

Ya zare wayar wuta daga jikin sabar. Angwaye suka ƙirga goma da ƙarfi, kamar 'yan firamare. Ya mayar. Sabar ta yi gurnani, rubutu ya yi ta gudu a allo, kowa na gyaɗa kai. Sai ya tsaya cak. Muka jira. Tanko ya leƙa ya ce, "To, wannan ba irin wadda na sani ba ce," ya koma benci.

Sha ɗaya da rabi keke ya tsaya a ƙofa. Atika ta fito cikin atamfa kore mai zanen ganye, da mayafi ruwan madara da wani ya yafa mata a karkace. Hannuwanta biyu a sama kamar likita zai shiga tiyata. Baƙin lalle ɗanye tun daga yatsu har gwiwar hannu, tafukan kuma an ƙunsa ja an ɗaure da leda. A bayanta Gwaggo Husaina ce, da leshi ruwan goro da jaka a hammata, don ta ce ba za a bar yarinya ta je wurin saurayi ita kaɗai ranar sa ranarta ba.

Na durƙusa. "Gwaggo, barka da zuwa."

"Tashi kar ka ɓata shaddar aro."

Atika ta dubi allo, ta dube ni. "An kashe."

Ba tambaya ba ce. Oga ya shigo da sauri, ya riga ya wanke hannu. "Injiniya, yawwa. Wannan yaron ne ya taɓa. Kin san su, da sun ga kwamfuta sai hannu ya fara musu ƙaiƙayi."

Gwaggo ta juyo gaba ɗayanta. Na ga farin ciki a idonta, irin na wadda aka kawo wa abin da ta daɗe tana nema har gida. "Kai ne?"

"Ni na danna, Gwaggo."

Ban ambaci Oga ba. Ba don jarumta ba, tsoro ne. Gwaggo ta zauna a kujerar gefe tana jinjina kai, sai hannunta ya faɗa kan yagaggiyar ambulan ɗin nan a tebur. Ta ɗaga. Ta duba tabon yatsu. Ta kai hanci.

"Wannan miyar taushe ce. Da man ja, kuma an cika daddawa." Ta dube ni. "Ka karya?"

"Ban sa komai a bakina ba tun asuba."

Ta dubi Oga tun daga takalmi har wuya, inda ɗigon miya ke zaune a kan farar riga. Ta ajiye ambulan a cinyarta kamar shaida.

Oga ya yi gyaran murya. "Ai ba komai a cikinsu. Sifili ne duk."

Atika ta ja numfashi. In ranta ya ɓaci muryarta sanyi take ƙarawa. "Oga, ka san Babbar Kasuwa. A ce an wayi gari an cire lambar kowace rumfa, an cire sunan kowane layi, an toshe ƙofofi. Kaya na nan, ko allura ba ta ɓata ba. Amma mai rumfa bai san ta inda zai shiga ba. Abin da kuka share ba fayil ba ne, ƙofofi ne. Sifilin da ka gani lambar ƙofa ce. Kuma ba na kowane ɗaki ba, har da ɗakin da ita kanta sabar ke kwana. Da tana kunne tana ciki, sai in mayar da ƙofofin kawai. Yanzu kun fito da ita waje kun rufe."

"Sakamakon yana nan?" Ni na tambaya.

"Yana nan. Shiga ne babu."

Na tambayi Sista Rabi ko za a sake ɗibar jinina. Ta ce ko yanzu aka ɗiba sai gobe.

Atika ta ce a kawo mata ruwa ta wanke hannu. Gwaggo ta miƙe tsaye. "Ki wanke me? Tun bakwai na safe matar nan ke duƙe a kanki. Ki shiga gaban kawunnanki da hannu kamar an yi ɓarin tawada? Wallahi ba a gabana ba."

"Gwaggo, in ban taɓa ba babu takarda."

"To wannan da ya iya dannawa ya danna mana."

Haka na sake zama a kujerar nan, karo na biyu a rana ɗaya, ina ba da aron yatsuna ga mai hannun da ba ya taɓuwa. Atika ta tsaya a bayana, hannu a sama, ƙamshin lalle da turaren wuta na sauka a kaina. Gwaggo ta jawo kujera ta shiga tsakaninmu gwargwadon iko.

"Doka ɗaya," in ji Atika. "Ka rubuta, ka karanta min harafi-harafi, sai na ce danna."

Ta sa aka sake kunnawa. Ta ce akwai daƙiƙa goma da sabar ke tsayawa kafin ta nufi ɗakinta, in danna kowane maɓalli a lokacin. Na danna da ƙarfi har kibod ya yi tsalle. Daga nan ta bi da ni wata hanya da ta kira ƙofar masu gyara, inda sabar ke tashi tsirara, ba manhaja, ba komai, sai ita da mai magana da ita.

Muka fara. Aka sa ta manta tsohon lissafin ɗakunanta. Aka gina wurin vg00 sabo, fanko. Sai babbar ƙofa, wadda sauran ke rataye a jikinta. Wannan sai da lamba sittin da huɗu, sai sifili, da ekis, da sifili shida a bayansa.

"Karanta."

"Sifili, ekis, sifili, sifili, sifili, sifili, sifili."

"Biyar ka faɗa."

"Shida ne."

"Ƙirga da yatsa."

Biyar ne. Na ƙara ɗaya. Zufa na bin bayana a ɗakin da ke daskarar da ruwa. Angwaye sun taru a ƙofa, kai bisa kai. Duk sanda na danna sai Tanko ya ce, "Bismillah," sauran su amsa. Oga na tsaye a gefe yana cewa, "Daidai, haka nake shirin yi," har Gwaggo ta ce, "Bawan Allah, ko za ka je ka ƙarasa masarka?"

Aka kira azahar. Muka yi salla da sauri muka dawo. Wayar Gwaggo ta yi ƙara, Malam ne. Na ji ta tana cewa, "Sun iso? To a ba su fura. Muna nan, surukinka na gyaran abin da ya ɓata." Kalmar suruki ta fito ne da izgili, amma ni na karɓe ta a haka.

Sai babban umarni, wanda ke sa sabar ta leƙa cikin faifanta ta ƙirgo ɗakunan da kanta. Ya fi kowanne tsawo. Na karanta shi sau biyu. Ta ce danna. Rubutu ya zubo. Ɗakuna goma sha ɗaya, ba wanda ya ɓata.

Angwaye suka yi kabbara. Atika ba ta yi ba.

"Sun dawo, amma ba da sunansu ba. Ta ba su lamba kawai, ɗaya zuwa sha ɗaya. Takwas na farko na san su, na sabar ne. Ukun ƙarshe ne matsala. Girmansu ɗaya. Ɗaya na sakamakon yanzu, ɗaya na tsofaffin shekaru, ɗaya kuma na koyar da sababbin ma'aikata, sakamakon ƙarya ne zalla a ciki. Manhaja da suna take nema. In na ba ɗaki sunan da ba nasa ba, za ta iya rubutu a kansa."

"Wato a ba ni jinin wani?" in ji Tanko.

"Ko jinin da babu mai shi."

Atika ta ce tana da lambobin a wani littafi, amma yana ofishin kamfanin da take wa aiki a can tsallaken gada, mai makulli kuma ya tafi ɗaurin aure Kafanchan. Ƙarfe biyu da kwata. Ta rufe ido. Sai ta buɗe.

"Hoton nan. Wanda ka turo min. Allon na bayanka."

Na ciro waya. Ta sa na buɗa hoton da yatsu biyu. Ga jerin sunaye tar, da lambobinsu. Na ɗaya, na biyu, har na takwas. Daga nan sai hulata. Zanna mai ratsin shuɗi, ta zauna daram a kan layukan da ake nema.

"Guda nawa ka ɗauka?"

Na hau gyara hula.

"Ɗayyabu, na san ka. Guda nawa?"

"Bakwai."

Gwaggo ta karɓe wayar. A gaban angwaye goma sha bakwai, da Oga, da Sista Rabi, aka bi hotunana ɗaya bayan ɗaya. Ga ni na dafe haɓa. Ga ni na ɗaga gira. Ga ni na ɗora yatsa a kibod ina kallon nesa kamar mai tunanin ƙasa. Wani ango ya ce, "Kai, wannan ya yi, turo min salon." Na roƙi ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba.

Na bakwai shi ne wanda atishawa ta kama ni. Kai ya yi ƙasa, baki a buɗe, ido ɗaya a rufe, hula ta zame. A samansa kuwa layuka uku, fes.

Gwaggo ta daɗe tana kallo. "A nan ka fi amfani," ta ce.

Ɗaki na goma ne na sakamakon yanzu. Muka mayar wa kowane ɗaki sunansa, ina karantawa tana cewa danna. Ta sa na rubuta umarnin da ke tuna wa sabar inda za ta tashi da inda za ta huta. Sai ta ce a sake tayar da ita, ta hanyar mutunci wannan karon, ba da fizgar waya ba.

Minti shida ta ɗauka. Ban taɓa sanin minti shida na da tsawo haka ba. Rubutu na gudu, ya tsaya, zuciyata ta tsaya, ya ci gaba. Sai ga 'yar kalmar da ke neman sunan mai shiga ta fito a ƙasan allo, alamar sabar ta tashi lafiya. Sista Rabi ta ruga wurin aikinta. Muka ji firinta ta yi tari, ta fara ja.

Tanko ya rungume ni har hula ta faɗi. Oga ya fita benci yana sanar da cewa an shawo kan matsalar ƙarƙashin kulawarsa. Gwaggo ta bi shi da ambulan mai maiƙo, ta miƙa masa a gaban kowa. "Ga takardarka, ranka ya daɗe. Ka sa ta a gilashi ita ma."

Dariyar da aka yi ta yi yawa. Na ga fuskarsa, na san ba a gama ba.

Sista Rabi ta buga tawa farko, ta sa hatimi, ta liƙe. Na miƙa hannu. Gwaggo ta riga ni, ta tura cikin jaka ta ja zif. "Malam aka ce ya buɗe."

Uku da rabi ta wuce. Suka hau keke, na bi su a mashin, shadda na kaɗawa, ina addu'ar da ban san na haddace ba. A kwanar Kawo wata tirela ta tsaya juyawa kamar gidan ubanta. Da muka shiga layinsu an idar da la'asar, direban Kawu Lawal ya riga ya tayar da mota yana goge gilashi.

Saurayi ba ya shiga wurin sa rana. Na tsaya a jikin katangar maƙwabta ina kallon takalma a ƙofar zaure, ina ƙirga su ba dalili. Can sai Baffana ya leƙo ya yafito ni. Na cire takalmi na durƙusa a bakin ƙofa.

Malam Isa na zaune a kan buzu, tabarau a karan hanci, takarda a buɗe a hannunsa. Gwaggo na daga ƙofar cikin gida, rabin jikinta a labule. Da gani ta riga ta ba da rahoto.

"Ɗayyabu."

"Na'am, Malam."

"An ce kai ka lalata injin mutane."

"Ni ne, Malam."

"Wa ya gyara?"

"Ita ta faɗa, ni na danna."

Ya juya wurin kawunnan. "Kun ji. A zamanin nan, namijin da mace za ta faɗa wa magana ya karanta mata kafin ya aikata."

Daga labule Gwaggo ta ce, "Yaya, ai shi kowa ya faɗa masa ji yake yi. Matsalar ke nan."

Kawu Lawal ya yi dariya har da tari. "To gara a ba shi wadda ta san abin da take faɗa."

Malam ya ɗaga takardar wajen haske, ya karanta a hankali kamar mai biya wa ɗalibi. "A. A." Ya ninke. "Alhamdu lillahi. Wata uku, Asabar ta farko. Ko akwai mai magana?"

Kowa ya dubi labule. Labule ya ɗan motsa. "Ni dai a canza masa hula," in ji Gwaggo. Aka shafa fatiha.

Ban san yadda na fito ba. Na tsinci kaina a kan mashin ban tayar ba, ina murmushi ni kaɗai, yaran layi na kallona. Waya ta yi ƙara sau biyu. Na farko saƙon murya ne, Atika, tana magana ƙasa-ƙasa, guɗa na tashi a bayanta: "Lallen ya kama, ango. Ka je ka ci abinci."

Na biyu rubutu ne, daga Oga Kabir. "Bisa laifin taɓa kayan aiki ba da izini ba, da kawo baƙi su ci mutuncin shugabanci, kada ka zo gobe. Ka aiko da makullin sito."

Na karanta shi sau uku, har yanzu yana nan yadda yake.

To ga inda nake, jama'a. An sa rana, wata uku, ango ba shi da wurin zuwa da safe. Baffana bai sani ba. Atika ba ta sani ba. Ku ne kuka fara ji. In akwai 'yar Hayin Banki a cikinku, don girman Allah ta riƙe bakinta, aƙalla har motar Kawu Lawal ta bar Zariya ranar Asabar.